Rundunar Ansar a Hannun Mai Fentin Haya: Inda Aikin Ya Karkace da Yadda Aka Miƙe Shi

A garuruwan Ingila akwai kulob-kulob na masu wasan yaƙi a kan tebur. Galibinsu magidanta ne. Sukan haɗu da yamma su shimfiɗa filin daga, da tuddansa da itatuwansa da gidajensa na kwaikwayo, su jera 'yan sojojin roba ko na dalma masu tsayin kusan milimita 28, a auna tafiyar kowace runduna da tef, a jefa dayis irin na ludo don a ga wa ya harbi wa. Cibiyar wannan harka ita ce Nottingham. Can ne hedikwatar Games Workshop, kamfanin da aka kafa a Landan a 1975, mai wasan Warhammer, wanda a Disambar 2024 ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. A garin da kewayensa kuma akwai masu ƙera sojojin yaƙe-yaƙen tarihi, irin su Warlord Games da Perry Miniatures na tagwayen nan Alan da Michael Perry.

Sojojin ba sa zuwa da launi. Ruwan toka suke zuwa, manne a jikin firam, kai daban, hannu daban, makami daban. Mai saye ne zai yanko su, ya kankare tabon zubi, ya haɗa da gam, sannan ya zauna da buroshi. Daga nan ne wata sana'a ta samo asali: mutanen da ake aika wa sojoji su fente su a biya su. Lamarin da zan bayar na wani ɗan'uwanmu ne, Bahaushe mai aiki a tsakiyar Ingila, wanda ya ba da irin wannan aiki a 2024. Na ga saƙonnin da suka yi musaya da mai fentin, na ga hotunan, na kuma riƙe sojojin da hannuna. Ba zan ambaci sunan ko ɗayansu ba.

Kulob ɗinsu ne ya shirya buga yaƙin Abu Kiliya, wanda aka gwabza a Sudan ranar 17 ga Janairu 1885. Rundunar Birtaniya ƙarƙashin Herbert Stewart ta ratso hamadar Bayuda a kan raƙuma da nufin ceto Charles Gordon, janar ɗin Birtaniya da aka yi wa ƙawanya a Khartoum, sai mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad, waɗanda ake kira Ansar, suka tare ta kusa da rijiyoyi. Turawan sun yi sahu mai kusurwa huɗu, Ansar suka fasa kusurwar baya suka kutsa ciki kafin a mayar da su. Kwana tara bayan haka Khartoum ta faɗi. 'Yan kulob ɗin da yawa suna da sojojin Birtaniya a fente, amma ɓangaren Ansar yana son yawa, kuma ba mai son ɗaukar wahalarsa. Mutumin namu ya ce a bar masa. Yana da dalilinsa: tarihin Mahadiyya ba baƙo ba ne a wurinmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadin mubaya'a daga ƙasar Adamawa, kuma bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ɗansa ya wuce gabas da jama'a, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Wasu za su tambayi hukuncin ajiye mutum-mutumi. Shi ma ya tambayi malaminsa kafin ya shiga harkar, kuma wannan magana ce tsakaninsu.

Ya sayi kwali huɗu na Ansar ɗin roba na Perry, kowane kwali mutum 40, jimilla 160. Ya fente ashirin da kansa a tsakanin aikin dare da hidimar iyali, ya duba kalanda, ya ga ba za ta kai shi ba.

Kafin a zo kan wanda ya ɗauka, ya kamata a san abin da ake biya a irin wannan aiki, don a nan ne mutane da yawa ke jin an tsawwala musu. Gwanin da ya saba, in yana yin su rukuni-rukuni, wato ya shafa fatar mutum ashirin a jere sannan ya koma kan tufafinsu, zai iya cin rabin awa a kan kowane soja in an haɗa da shafen farko, da inuwa, da haske, da gyaran gindin da sojan ke tsaye a kai. Soja 140 ke nan awa 70. Mafi ƙarancin albashi a Birtaniya a lokacin, daga Afrilun 2024 zuwa Maris ɗin 2025, fam 11.44 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21. In an buga, kuɗin hannu kawai ya haura fam 800, ba a sa fenti da gam da kuɗin aikawa ba, alhali robar kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Shi ya sa wasu ke aika sojojinsu Sri Lanka, inda aka daɗe ana wannan sana'a da rahusa, ko Foland, inda akwai manyan ɗakunan fenti. Sai dai tun da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai a farkon 2021, kayan da suka shigo daga can ma suna bi ta kwastan, ga harajin kaya na kashi 20 cikin ɗari, ga doguwar tafiya ga abu mai saurin karyewa. Mutumin ya zaɓi wani mai zaman kansa a arewacin Ingila, wanda ke aiki a ɗaki ɗaya a gidansa.

Hotunan ayyukan mai fentin ne suka ja shi, kuma sun cancanci su ja mutum. Hannunsa tsaf yake. Amma kusan dukkansu na Warhammer ne: mayaƙan almara cikin sulke, launuka masu ƙarfi, kowane gefen sulke an bi shi da siririn layi mai haske. Babu ko ɗaya na yaƙin tarihi, balle na Afirka. A ganina tushen duk abin da ya biyo baya yana nan. Mai fenti yana da abin da hannunsa ya saba, kuma duk gurbin da mai kaya ya bari bai fayyace ba, da wannan sabon za a cike shi.

Gurbin kuwa babba ne. Saƙon da aka ƙulla cinikin da shi layi uku ne: Ansar na Sudan, mutum 140, matakin tebur, gindin hamada, ana son su kafin wata kaza. Matakin tebur shi ne mafi ƙasa a matakan da masu wannan sana'a ke sayarwa, aikin da zai yi kyau daga nisan hannu ba sai an kara shi a ido ba. Sama da shi akwai matakin da ake ƙara haske da ƙananan bayanai, sai na baje koli da ake yi wa shugaban runduna ko abin shiga gasa. Aka biya rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko sai an ga aiki. Ba a faɗi shekarar yaƙin ba, ba a faɗi sunansa ba, ba a tura hoto ko ɗaya ba, ba a yi maganar tutoci ba.

Mai fentin ya yi abin da ya dace a ƙa'idar sana'arsu: ya fente samfur guda ya turo hotonsa. Wanda ya zaɓa wani mai mashi ne, ƙirji a buɗe, da ƙyalle ɗaure a ƙugu. Mutumin ya duba a wayarsa a lokacin hutun aiki, ya ga ya yi kyau, ya ce a ci gaba. Samfurin nan bai da riga, bai da tuta, kuma shi kaɗai ne, don haka bai nuna ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da suka zama rigima ba.

Da hotunan rukunin farko na mutum 40 suka iso, abin da ya fara tsole masa ido rigunan ne. Jibbar Ansar ta samo asali ne daga rigar masu zuhudu, tsohuwar riga mai faci ko'ina, alamar an juya wa duniya baya. A farkon Mahadiyya, lokacin Abu Kiliya, haka take: auduga mai datti, faci barkatai inda ta yage. Sai a zamanin Halifa Abdullahi, bayan rasuwar Mahadin a Yunin 1885, ta koma kamar kayan sarki, ana ɗinka mata faci masu kusurwa huɗu a jere, dama daidai da hagu, ja da shuɗi da baƙi, da ado a wuya da aljihu. Yawancin jibbobin da ke gidajen tarihin Birtaniya irin waɗannan ne, domin ganimar yaƙin ƙarshen zamanin ce, musamman Omdurman na 2 ga Satumba 1898. Mai fentin ya bincika a intanet, waɗannan ya gani, waɗannan ya yi. Ya kuwa yi su da kyau. Na ɗaga ɗaya daga cikinsu zuwa hasken taga: riga fara tas kamar yau aka wanke ta, a ƙirji faci biyu ja da shuɗi da ba su fi ƙwayar gero girma ba, kowanne an zagaye shi da baƙin layi da bai kai kaurin gashi ba. Wannan aiki ya wuce matakin da aka biya. Amma rigar 1898 ce a jikin mutumin 1885.

Na biyu fata. Mutum arba'in, launi ɗaya, baƙi mai duhu da aka haska da wani abu mai kama da ruwan hoda a kumatu da kafaɗa. Waɗanda suka yi yaƙi a Abu Kiliya sun fito daga wurare daban-daban, wasu mutanen bakin Nilu ne daga wajajen Barbar da Matamma, wasu daga Kurdufan. Duk wanda ya taɓa zama da mutanen Sudan ya san akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai mai ja. A nan ina ganin laifin ya fi karkata ga mai fentin. Ba ya buƙatar littafin tarihi kafin ya san taron mutane ba sa zama launi guda. Da Turawa aka ba shi, da ya bambanta musu ko da gashin kai.

Na uku shi ne wanda ya hana mutumin barci. Tutocin irin waɗannan rundunoni galibi na takarda ne bugaggu, a yanka a manna a sanda. Mai fentin ya ga dama ce ta kyautata wa sabon mai ciniki, sai ya zana tuta uku da hannu, kyauta, yana kwaikwayon hoton wata tutar gidan tarihi. Tutocin Mahadiyya suna ɗauke da rubutu layi-layi: kiran Allah da sunayensa, Ya Rahmanu Ya Rahimu, Ya Hayyu Ya Ƙayyumu, sai kalmar shahada, sai ambaton Mahadin a matsayin halifan Manzon Allah. Mai fentin bai iya Larabci ba, zane ya ɗauki rubutun. Ya faro daga hagu, ya raba haruffan da ya kamata su haɗu, ya zubar da ɗigo inda babu. Duk da haka sunan Allah ya fito ana iya karanta shi a wuri biyu, domin siffarsa mai sauƙin kwaikwayo ce. Ga abu kuma da za a riƙa jefa dayis a gefensa, a kwantar da shi in an kashe mai riƙe da shi, a tura cikin akwati ƙarƙashin gado.

Ya kira ni a daren yana huci. "Malam, ka ga abin da mutumin nan ya yi mini?" Na ce ya turo mini saƙon da ya aika tun farko. Da na karanta na ce masa, "Ɗan'uwa, a cikin layi ukun nan ina ka hana shi?" Ya yi shiru. Shawarar da na ba shi ita ce kada ya rubuta komai, ya kira mutumin su yi magana baki da baki, domin ƙorafi a rubuce yakan fi yadda aka nufe shi zafi.

Hirar tasu ta ɗauki lokaci, kuma maganar tutocin ce ta fi wuya. Mai fentin ya ji ciwo, yammaci biyu ya kashe a kansu kuma bai caji ko sisi ba. Da farko ya ɗauka ana cewa ne rubutun bai yi kyau ba, har ya ce zai sake. Sai da aka yi masa bayani cewa ko ya fita daidai ba a so, matsalar ita ce abin da aka rubuta da inda zai ƙare. Da ya gane bai yi gardama ba. Aka yarda ya ɓalle tutocin uku daga sandunan ya sa su a ambulan daban, mai kaya ya yi da su yadda ake yi da takarda mai sunan Allah. A madadinsu aka yi tutoci masu launi zalla da iyaka mai wani launin, babu rubutu. Akwai 'yan kulob da suka ce hakan ya rage sahihancin tarihi. Gaskiya ne ya rage, kuma mai rundunar ya san haka ya zaɓa.

Fatar kuwa mai fentin ya karɓi gyaranta a kansa. Ya haɗa launi uku, ya bi arba'in ɗin ya sauya kusan kashi biyu cikin uku, sauran ɗarin kuma ya raba su tun daga shafen farko.

Rigunan ne suka zama ciniki. Sake su gaba ɗaya yana nufin a shafe aikin da ya fi kowanne cin lokaci, kuma mai fentin ya ce, da gaskiyarsa, ba zai ɗauki asarar abin da ba a gaya masa ba. Mafitar da suka samu ta burge ni. Aka bar goma daga ciki yadda suke, su zama amirai da na kusa da su, tunda ba abin mamaki ba ne tufafin shugaba ya fi na mabiya tsari. Sauran talatin aka bi su da tsinkakken fenti ruwan ƙasa, wanda ke gangarawa cikin lanƙwasar tufa ya kashe farin, aka ɓata jerin facin ta hanyar shafe wasu da ƙara wasu a karkace. Kuɗin wannan gyara suka raba biyu. A nan wani abu ya fito da ba wanda ya zata: rigar 1885 ta fi ta 1898 saurin yi nesa ba kusa ba, domin ba ta son layi madaidaici. Lokacin da aka ɓata a gyaran arba'in an maido da mafi yawansa a kan ɗarin da suka rage. Da an faɗi shekarar tun ranar farko, da aikin ya zo da wuri kuma da rahusa. Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan lamari adon ne ya yi yawa.

Ranar da aka sa ta wuce da mako biyu, wasan bai kai ga zuwa ba tukuna. Mutumin ya ƙi yarda a aiko ta gidan waya. Mashin roba siriri ne, kuma runduna irin wannan kusan kowa da mashinsa a ɗage. Soso yana kare jikin soja amma yana kama tsinin mashi ya karya shi. Mai fentin ya manna ƙananan maganaɗisu a ƙarƙashin kowane gindi, aka jera su a akwati mai farantin ƙarfe a ƙasa, mai kaya ya tuƙa mota ya je ya ɗauko da kansa. A can ya biya ciko, bayan ya duba su a ƙarƙashin fitilar ɗakin, ba a hoto ba. Wannan ma darasi ne da samfurin farko ya koya masa: hoton da aka ɗauka cikin akwatin haske yana ƙara wa launi ƙarfi, ya ɓoye sheƙi. An fesa musu man kariya mara sheƙi, wanda ke hana gumin yatsa cinye fentin.

A kan tebur, daga tsaye, faci ɗaya ba ya ganuwa. Abin da ido ke kamawa shi ne taro: tufafi masu launin ƙasa iri-iri, fata iri-iri, tsinin masu, da 'yan fararen riguna goma a warwatse da ke nuna inda shugabanni suke. Ashirin ɗin da ya fente da kansa sun fita daban, sun fi duhu, layukansu ba su kai ba. Mai fentin ya rubuta masa sunayen fentin kamfanin Vallejo da ya yi amfani da su da yadda ya gauraya, don in ya ƙara wasu da hannunsa su yi kusa da juna. Ba kowane mai sana'a ke ba da wannan ba, kuma abu ne da ya kamata a roƙa tun ana ciniki.

Akwai wata magana da ke tasowa a kulob duk lokacin da aka ga runduna ta haya. Wasu tsofaffin 'yan wasa suna ganin fentin shi ne rabin harkar, wanda ya saya ya tsallake layi. Ban yarda da su ba. Mutumin da ke aikin dare yana da haƙƙin ya sayi awa saba'in ɗin da ba shi da su, kamar yadda wani ke sayen gidaje da itatuwan tebur a haɗe. Inda nake tare da su shi ne wajen faɗin gaskiya. Gasar fenti, irin Golden Demon da Games Workshop ke shiryawa tun 1987, ta wanda ya riƙe buroshin ce, kuma ko a ƙaramin taro in ana zaɓen rundunar da ta fi kyau, wanda ya karɓi yabo a kan aikin wani ya ci amana. Mutumin namu duk wanda ya yaba sai ya ce masa ba aikinsa ba ne, ya nuna ashirin ɗin da ke gefe ya ce waɗancan ne nasa.

Ya sake ba wa mai fentin nan aiki, wannan karon mahaya dawaki da raƙuma da 'yan bindiga masu Remington ɗin da Ansar suka ƙwace daga sojojin Masar a Shaikan a 1883. Takardar cinikin ta kai shafi biyu. Ta faɗi shekara da sunan yaƙin, tana ɗauke da hotunan abin da ake so da na abin da ba a so, ta ce samfur uku za a yi, ɗaya mai riga, ɗaya a kan dabba, ɗaya mai tuta, kuma a aiko su a gani da ido kafin a taɓa sauran. Ta fayyace wa zai biya gyara in kuskuren na umarni ne, wa zai biya in na hannu ne, ta kuma ce kada a ƙara komai kyauta sai an tambaya. Mai fentin ya karɓa ya ce layinsa a cike yake, ba zai fara ba sai bayan wata huɗu.